Hoton Teku da Dare: Tambayoyin da Mutanen Maraɗi Suke Yawan Yi Mini

Tun da na rataye hotunan bakin teku guda huɗu a bangon shagona ban sake hutawa da tambaya ba. Wanda ya shigo ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa sai ya tsaya ya ƙura musu ido, ƙawayen amarya su yi ta musu a kan ko ruwa ne ko girgije. Sana'ata hoton biki da suna ce a nan Maraɗi. Teku kuwa yayana ne ya fara kai ni, lokacin da yake sayo motoci daga Kwatano ina taya shi tuƙi, daga baya na riƙa zuwa don kaina har Lome da Gana. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, yadda aka yi mini su a shago da kuma ta WhatsApp.

Malam, tsakani da Allah, wannan ruwan da ya zama kamar hayaƙi ba aikin kwamfuta ba ne?

Ba kwamfuta a ciki. Kowace kyamara tana da wani ɗan labule da ke buɗewa haske ya shiga, ya sake rufewa. A hoton biki da rana ƙiftawa kawai labulen yake yi, kashi ɗaya cikin 250 na sakan, shi ya sa ake kama mai rawa ƙafarsa na sama. In ka bar shi a buɗe sakan 30, duk abin da ke tsaye, dutse ne ko turken ƙarfe, zai fito tangaran, abin da ke motsi kuma ya shafe kansa da kansa. Cikin wannan lokacin raƙuman ruwa biyu ko uku sun zo sun koma, farin kumfansu ya hau kan juna har ya zama hazon nan da kake gani. Ni doguwar ɗauka nake ce masa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada kyamara ta motsa ko da kaurin gashi.

Yaya, mu da ba mu da teku, ina za mu koyi wannan aikin?

A gida, ƙanena. Wanda ya bari sai ya isa Kwatano sannan ya fara lalube a cikin duhu yana neman maɓalli, kuɗin motarsa kawai ya ƙona. Fara da bakin titi bayan isha'i: kafa kyamara, ba ta sakan 10, ka ga yadda fitilun kabu-kabu ke zama dogon zare fari da ja, su kansu masu baburan sun ɓace. Da damina, in Gulbin Maraɗi ya kawo, ka samu ruwa mai gudu da za ka gwada rabin sakan da sakan biyu ka ga bambanci, amma daga kan tudu, kada ka sauka gaɓar da ruwa ke ci. Sai uwa uba tabkin Madarunfa, wanda tafiyarsa ba ta kai awa guda ba. Can na koyi kusan duk abin da na sani: itatuwan da ruwa ya ci ƙafarsu bayan damina, kwalekwalen masunta a ɗaure, jan sama yana kwance a kan ruwa. Wurin yana da daraja a wajen mutanensa saboda kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta, don haka a shiga da ladabi. Kuma kowa ya san halin dazukan bakin iyaka a ƴan shekarun nan. A je da ɗan gari, a tsaya kusa da mutane, a dawo da wuri.

Abin da nake so hannunka ya iya kafin ka tafi shi ne canza lambobi uku na kyamararka, wato tsawon lokaci da buɗin ido da ISO, ba tare da ka kunna tocila ba.

Wace hanya ake bi, kuma wane bakin teku ya fi?

Hanyar da muka saba ita ce Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, a haye kogin Isa zuwa Malanbil, a gangara ta Kandi da Paraku har Kwatano. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe gadar Gaya, al'amarin wucewa ya canza, saboda haka ka tambayi direbobi a tasha halin da ake ciki kafin ka ɗaura kaya. Wasu kan bi ta Ɗan Isa da Jibiya su shiga Nijeriya su gangara Legas. Katin rigakafin shawara ya kasance a aljihu. A Benin da Togo sefarmu ce ake kashewa, a Gana sai ka yi canji zuwa sidi.

Maganar wuri kuwa, ga abin da ba a gaya mini ba sai da na gani. Doguwar ɗauka tana bukatar abu mai tsayuwa a cikin ruwa, gaɓar Benin da Togo kuma rairayi ne zalla, miƙe kamar an ja zare. In ka ɗauki ruwa da rairayi kaɗai, hoton zai fito fari fat ba inda ido zai sauka. Dole ka nemi abin da zai riƙe shi. A Lome akwai ragowar tsohuwar gadar jiragen ruwa ta zamanin Turawa, ƙafafunta na ƙarfe sun yi tsatsa suna tsaye a cikin igiyar ruwa, kuma da dare fitilun jiragen da ke jiran shiga tasha suna jere a can nesa kamar wani gari. A gabashin Kwatano akwai duwatsun da aka zuba don tare zaizayar ƙasa. A Wida, yamma da Kwatano, akwai Ƙofar Rashin Dawowa, wadda aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka loda a jirage daga wannan gaɓar. Gran-Popo na da itatuwan kwakwa da manyan jiragen masunta, ga inda kogin Mono ke shiga teku. Mai son duwatsu na gaske sai ya ƙarasa Gana, wajen Kef Kos da Elmina, inda ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482 yake tsaye har yau, ruwa na dukan gindinsa.

Kuɗina kaɗan ne. Me zan fara saya?

Ƙafa uku, wato abin da ake kafa kyamara a kai. Ba kyamara ba, ba sabon ido ba, wato gilashin gaban kyamara. Tsohuwar Canon ko Nikon da ake biki da ita, da idon nan na 18-55 da ke zuwa tare da ita, ta isa. Amma ƙafar nan marar nauyi ta roba da ake sayarwa don masu bidiyon waya, iskar teku rawa za ta sa ta. Nemi ta ƙarfe mai ɗan nauyi ko da ta hannu ce. In ka kafa, kada ka zaro siraran gaɓoɓin ƙasa sai dole, kada ka ɗaga sandar tsakiya. Rairayin da ruwa ya jiƙa yana da wata mugunta: duk sanda igiya ta janye sai ta yashe shi daga ƙarƙashin ƙafafun, kyamara ta nutse a hankali ba ka sani ba, hoto ya lalace. Ka danna kowace ƙafa da ƙarfi har ta daina shiga. Ni ina tafiya da marafan gwangwanin madara guda uku ina ɗora ƙafafun a kai.

Da waya fa, za a iya?

Za a iya, in tana da sashen da ake saita lokaci da hannu, wanda yawanci aka rubuta wa Pro. Wayoyin Samsung da dama suna kaiwa sakan 30, wasu daga cikin Tecno da Infinix ma suna da shi. A iPhone, in ka ɗauki hoto mai ɗan motsi wanda suke kira Live, akwai zaɓin mayar da shi doguwar ɗauka daga baya. Ita ma waya sai an kafe ta. Hoton zai yi kyau a fuskar waya da Facebook. In aka zo bugawa babba ne ake gane bambanci.

Ka ba mu lambobin kawai, Malam, mu rubuta.

Zan bayar, amma mafari ne ba ƙarshe ba. Juya kyamara zuwa M, wato inda kai ke saita komai da hannu. ISO, wato lambar yadda kyamara ke jin haske, 100. Buɗin ido f/8 ko f/11. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin shi ke barin ka gyara duhu da launi daga baya ba tare da hoton ya farfashe ba. Kashe abin hana girgiza da ke jikin ido (IS a Canon, VR a Nikon), don a kan ƙafa uku wani lokaci shi ne ke kawo girgizar. Sa jinkirin sakan biyu, yadda hannunka zai bar kyamara kafin labule ya buɗe. Saita gani, wato inda hoto zai fito tangaran, a kan abin da kake so tun da sauran haske, sannan ka mayar da shi na hannu, in ba haka ba a duhu ido zai yi ta kai da komo yana nema. Layin da teku ya haɗu da sama ya miƙe daidai. Karkatar da ba za a lura da ita a hoton daji ba, a teku kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe.

Sauran magana duk a kan tsawon lokaci take, kuma nan ne ra'ayi ke shiga. Daga kwata na sakan zuwa sakan ɗaya, ruwa yana riƙe da siffarsa, kumfa na jan fararen layuka a kan rairayi. Dabarar ita ce ka danna lokacin da igiya ta fara komawa, ba lokacin da take zuwa ba. Daga sakan 15 zuwa 30, komai ya zama hazo. Masu farawa hazon suka fi so, ni ma haka na fara, amma yanzu na fi son rabin sakan, don ya fi nuna cewa ruwan nan yana da ƙarfi. Yayin da duhu ke ƙaruwa ka riƙa ninka lokacin: 2, 4, 8, 15, 30. In ya wuce 30 sai ka koma B, inda labule ke zama a buɗe muddin an danne, kuma nan kana bukatar ƴar igiyar dannawa daga nesa.

Mene ne baƙin gilashin nan da kake ɗaurawa a gaba?

Tabarau ne na kyamara, ana ce masa ND. Aikinsa rage haske, don ka samu doguwar ɗauka alhali rana ba ta faɗi ba. Wanda aka rubuta wa ND64 yana ninka lokaci sau 64, ND1000 kuma kusan sau dubu. Lissafin ba wuya: in ba gilashi kyamara ta nuna 1/125, da ND1000 zai zama kamar sakan 8; in ta nuna 1/30, zai haura sakan 30 kaɗan. Ka gama tsara hoto da saita gani kafin ka ɗaura shi, don bayan nan ba abin da za ka gani. Mai araha yakan sa hoto ya yi shuɗi ko ja-ja, amma RAW na gyara wannan. In asuba da magariba kawai za ka riƙa fita, ba lallai ka saya ba.

Na je Kwatano musamman don in ɗauki rana tana faɗawa cikin teku, sai ta faɗi bayan gidaje. Me ya faru?

Ba kai kaɗai ba. A Kwatano da Lome teku kudu yake. In ka fuskance shi, gabas na hagunka, yamma na damanka, rana kuma tana bin tsawon gaɓa ne. Daga Nuwamba zuwa Janairu takan karkata kudu, ta fito daga kan ruwa ta kuma faɗi a kan ruwa ta gefe. Wajen Yuni kuwa ta koma arewa, bayan gari take faɗuwa. Abin haushin shi ne watannin da take faɗawa ruwa su ne na hunturu, kuma hazon da ke tashi daga wajenmu yana kaiwa har can, sai ka ga ta zama jan faifai ta ɓace tun ba ta taɓa ruwa ba. Ni hoton ya fi mini kyau a hakan, amma ba shi ne wanda ka gani a kalanda ba. Mai son rana ta nutse a gabansa sosai sai Dakar, inda ƙasa ta ƙare ta yamma, ko Jidda.

Wane lokaci ya fi, magariba ko asuba?

Asuba, nesa ba kusa ba. Kwatano na kan daraja shida da ɗoriya ne arewa da tsakiyar duniya, Maraɗi na kan 13 da rabi, kuma duk yadda ka matsa tsakiya haka duhu ke saurin rufewa. Shuɗin saman nan mai kyau bayan faɗuwar rana bai fi minti 20 zuwa 25 ba, kuma daidai lokacin sallar magariba ne. Abin da nake yi shi ne in kafa komai tun da rana, in yi alwala da ruwan gorata, da an kira in shimfiɗa rawani kusa da kyamara in yi salla, in sallame in samu ragowar minti goma. Da asuba ba wannan tsere. Ka yi sallarka a natse, ka fita, launi ya fara tun kafin rana ta ɓullo da kusan rabin awa. Iska ta kwanta, ruwan dare ya share sawun mutane, masunta suna tura jirage.

Ta fuskar watanni, babbar daminarsu daga Afrilu zuwa Yuli ce, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba. Girgije abokin hoto ne, in yana tafiya doguwar ɗauka takan ja shi kamar auduga.

An ce teku na cikowa yana janyewa. Yaya zan san lokacinsa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, don ita ce ta kusa cin kayana. Teku ba tabki ba ne. Sau biyu yake cikowa sau biyu yake janyewa a cikin kwana guda da kusan minti 50, wato kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50 a kan na jiya. Jan wata ne ke sa haka, da taimakon na rana. A nan mu muna da sa'a, don lissafin wata a bakinmu yake: a farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, lokacin da rana da wata da ƙasa suka jeru, cikowar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu abin ya fi sauƙi. A wannan gaɓar bambancin bai cika wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, kuma ana samun jadawalin kowane gari a intanet kyauta.

Amma kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka. Gaɓar tana da gangara, raƙuman ruwan kuma daga can tsakiyar Atlantika suke tahowa, ba su zuwa da girma ɗaya. Zuwana na biyu, a Fijirose da ke yammacin Kwatano, na tsaya na kalli ruwa minti biyu na ga iyakar inda yake kaiwa, na kafa ƙafa uku taku biyu bayan nan, na ajiye jakata a ƙasa. Na sunkuya ina duba hoto a bayan kyamara, bayana na wajen ruwa. Ban ji komai ba sai sanyi a cinyata. Na rungumo ƙafa uku da kyamarar gaba ɗaya, rairayi na zamewa ƙarƙashin tafin ƙafata kamar ana jan tabarma, ina kallon jakata tana birgima. Wani yaro mai sayar da kwakwa ne ya cafko ta. Fitilar bikina da batir biyu sun tafi ke nan, takalmina ɗaya ma teku ya riƙe. Wani tsohon masunci da ke gyaran koma ya yi ta nuna mini layin ciyayi da tarkacen da ruwa ya bari can sama da inda na tsaya, yana girgiza kai. Ba mu jin harshen juna, amma na gane.

Tun ranar, sai na zauna kwata na awa ina kallo kafin in kafa komai. Jaka a baya take zama. Ba na juya wa ruwa baya. Kuma ba na shiga ya wuce idon sawu, don akwai wurare da ruwan ke komawa ciki da gudu ta ƙasa, yana jan har waɗanda suka iya iyo, balle mu da iyakar iyonmu kududdufin damina.

Taurari fa? Nawa suna fitowa kamar ƴan sanduna.

Ƙasa ce ke juyawa, daraja 15 kowace awa, kyamara kuma ta gani. In kana son su fito ɗige-ɗige, raba 500 da tsawon idonka, wato lambar da ke jikinsa, irin 18 ɗin nan. A ƙananan kyamarori irin namu sai ka fara ninka lambar ido sau ɗaya da rabi: 18 ya zama 27, 500 a raba 27 ya ba ka kamar sakan 18, ni nakan tsaya a 15. Buɗe ido iyakarsa, ISO 1600 ko 3200, saita gani da hannu a kan tauraro mafi haske har ya zama ɗan mitsitsi. Sai daren da ba wata, kuma nesa da fitilun gari. Farin zanen nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi, mafi kaurinsa ta kudu yake, wato kan teku daidai. A Maris da Afrilu kafin asuba, a Yuli da Agusta bayan isha'i, in girgije ya bari.

In kuwa sandunan kake so su zama dogayen layuka, ɗauki hotuna na sakan 30 a jere har awa guda ka haɗa su a kwamfuta. A Maraɗi ka fuskanci arewa, taurari za su kewaye tauraron arewa da ke sama da ƙasa kaɗan. A bakin teku ka fuskanci kudu, su lanƙwaso a kan ruwa kamar bakan gizo. Gaskiyar magana, don taurari kaɗai ba sai ka je ko'ina ba. Samanmu bayan an ɗauke ruwan sama ya fi nasu tsabta, Kaza da ƴaƴanta ma sun fi fitowa a ƙauyen kakata.

Daren farin wata kuma wani abu ne daban. Da ISO 400, f/4, sakan 30, hoto zai fito kamar da rana, sama shuɗiya, amma da taurari a ciki.

Bayan na dawo kyamarata ta fara tsatsa, ido kuma ya yi wani farin zare a ciki.

Mu ƙura muka sani, shi ya sa muke naɗe kaya a zane mu rufe a akwati. A can abokan gaba gishiri ne da laima. Iskar teku na ɗauke da feshin da ba ka gani, cikin minti goma ya shafe gilashi, fitilu su fito da jelar haske. Riƙa dubawa kana gogewa da tsumma mai laushi, ka juya kyamara daga iska in ba ɗauka kake ba, kada ka canza ido a bakin ruwa. In ka koma masauki goge jikinta da tsumma mai ɗan damshin ruwan sha, ƙafa uku kuma a zare ta duka a wanke, in ba haka ba rairayi zai cinye maƙullanta. Farin zaren nan fumfuna ce, laima ke kawo ta. Ƙananan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, tara su ka zuba a jaka. In ɗakinka na da na'urar sanyi, da ka fito gilashi zai yi gumi. Bar kyamara a cikin jaka a rufe kamar rabin awa ta saba da zafin waje.

Na danna sakan 30, ya gama, amma kyamara ta ƙi sakina sai bayan wani 30. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Hoto na biyu take ɗauka labule a rufe, don ta gano ɗige-ɗigen da zafi ya haifar a hoton ta cire su. Ana iya kashewa a cikin saituna, kuma dole ka kashe in kana jera hotunan taurari. Doguwar ɗauka na shan batir, tafi da uku. In jirgin sama za ka hau, batura a jakar hannu suke shiga.

Ba a hana ɗaukar hoto? Kada mutum ya je ya kwana a hannun jandarma.

Ana hanawa a wasu wurare, kuma ba lallai ka ga allo ba. Tashar jiragen ruwa, barikin soja, fadar shugaban ƙasa, bakin iyaka: kada ma ka fito da kyamara. A Lome iyakar Gana a cikin gari take, a bakin teku, mutum na iya kaiwa gare ta yana tafe yana kallon ruwa. An taɓa tsare ni kusa da wata tasha, mai gadi ya sa na goge hotunan yammacin nan duka a gabansa, ban yi gardama ba. Jirgin nan marar matuƙi kuwa, kada ka tashe shi ba takardar izini. A ajiye rasiɗin kyamara saboda duwan.

Mutane ma haka. Jirgin masunci dukiyarsa ce, gaishe shi ka nuna abin da kake so, in ya ce a'a ka wuce. A Wida da Gran-Popo za ka ga wuraren bautar gargajiyarsu a bakin ruwa, da tutoci da ƙwarya. Ba addininmu ba ne, amma ƙasarsu ce, kada ka taka kada ka haska. A Gran-Popo kunkurun teku na fitowa da dare su yi ƙwai a rairayi, hasken tocila na korarsu.

Da dare fa, ba ɓarayi?

Akwai, kuma bakin tekun manyan garuruwa bayan duhu na cikin wuraren da ƴan garin da kansu suke gargaɗi a kai. Da ɗan gari akan ci gari. A Kwatano da Lome da Akra duk akwai Zango, ka sauka wajen ƴan uwa Hausawa, su haɗa ka da mai zemijan, wato kabu-kabun can, da suka yarda da shi, ya kai ka ya jira ka. Ku kasance ku biyu ko uku, ɗaya na kallon kyamara ɗaya na kallon baya. Hoton tsakar dare kuwa sai a ƙauye, gaban masaukin da ke da mai gadi.

Ɗana, bana in Allah ya yarda zan sauke farali. A Jidda akwai abin ɗauka?

Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya, Hajiya. Akwai. Bahar Maliya ruwa ne mai kwanciya, ba irin haukan Atlantika, kuma yamma yake da garin, rana a gabanki za ta faɗi. Akwai masallacin Rahma da aka gina a kan turaku cikin ruwa, da kuma mafesar ruwa ta Sarki Fahad da ke harba ruwa sama fiye da mita 250, ana haska ta da dare. Wayarki ta isa: ɗora ta a kan dakalin bakin hanya, jingina ta da jaka, sa jinkirin dannawa, ki cire hannu. A kiyaye ɗaukar matan mutane, can ba a wasa da wannan.

Kai yaro, duk wannan wahalar, ana samun kuɗi a ciki kuwa?

Ranka ya daɗe, kaɗan. Biki da suna ke ciyar da gidana. Daga cikin huɗun da ke bango an sayi kwafin biyu: wani mai otal ya ɗauki na gadar Lome, wani Alhaji da ya yi shekara ashirin yana fatauci a Kwatano ya ɗauki na jiragen masunta, ya ce duk zamansa can bai taɓa zuwa bakin ruwa da asuba ba. Inda abin ya biya ni a wani wajen ne. Yanzu in an ɗauke wuta a wajen kamu ba na rikicewa: in kafa ƙafa uku, in ce amarya ta riƙe numfashi sakan ɗaya, ƙawaye su haska ta da wayoyinsu daga gefe. Wannan hoton shi aka fi nema a album ɗin bara.

Ga mai niyyar bugawa: fuskar waya da kwamfuta haske suke fitarwa, takarda ba ta yi, don haka hoton dare kullum ya fi duhu a takarda. Ƙara masa haske kaɗan, ka fara buga ƙarami ka duba shi a hasken ɗakin da za a rataye shi, sannan ka biya kuɗin babba. Takarda marar ƙyalli ta fi, kuma a sa gilashi a liƙe bayan firam da kyau, in ba haka ba hunturu ɗaya ƙurar Maraɗi za ta shiga ta kwanta a kan tekun.